Yadda ake haɗa jakar ɗan zanzaro don kashe murzuna a gonar hatsi

Murzuna, tsutsar nan da ke cin zangarniyar hatsi, ba ta yi wa manomi sallama. Hatsi zai yi kyau tun daga noman fari har ya yi ciki ya fidda kai, mutum ya fara lissafin damman da zai ɗaure, sai wata safiya ya ga zangarniya ta yi zane: wani layi ya murɗe ya zagaye ta, tsaba ta zube a gindin kara. Idan har ka kai ga ganin wannan zanen a yawancin gonarka, to aikin gama ya gama. Shi ya sa abin da zan bayyana a nan rabinsa haɗa jaka ne, rabinsa kuma sanin ranar rataye ta, kuma a wurina rabin na biyu ya fi nauyi.

Ni malamin gona ne a ƙasar Maraɗi, kuma ina kiwon ɗan zanzaron da ke kashe murzuna, wanda ake sawa cikin jakar, a wani ɗaki na ƙungiyar manoma, mai taga ɗaya da aka toshe da gidan sauro. Ba na'ura ko ɗaya a ciki. Bokitai ne, da kwalabe, da rariya, da auduga, da zuma.

A fara da sanin abokin gaba. Uwar murzuna wani malam-buɗe-littafi ne na dare, masana suna kiransa Heliocheilus albipunctella. Tana fitowa daga ƙasa kimanin wata guda bayan ruwan shuka, sai ta bi kawunan hatsin da suka fara leƙowa ta zuba musu ƙwai, galibi can wajen tsini. Cikin 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsutsar tana ƙarama fure take ci, ba mai lura da ita. Da ta yi ƙwari sai ta shige ƙarƙashin tsaba tana datse 'yan sandunan da ke riƙe da ita, tana tafiya tana zagaye zangarniya, wannan shi ne zanen da muke gani. Bayan kamar wata guda ta ƙoshi, ta sauko ta shige ƙasa ta yi kwanci har wata damina. Sau ɗaya take haihuwa a shekara. Tun farin 1972 zuwa 1974 ta zama annoba a Sahel, kuma a shekara mai muni an auna asarar da ta kai kashi 85 cikin 100 a wasu gonaki. Feshi bai cika yi mata komai ba, don tana lulluɓe cikin zangarniya, ga hatsi ya fi mutum tsawo, ga kuɗin magani a watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Wanda ke kashe ta ɗan ƙwaro ne da bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, sunansa Habrobracon hebetor. Kowa ya san zanzaron da ke gina ɗakin laka a bango, ya harbi tsutsa ta sandare, ya kai ta ciki ya yi ƙwai a kanta don 'ya'yansa su samu abinci. To wannan ma haka yake yi, sai dai shi ba ya gini ba ya dako. Macen ce ke bin ramin murzuna, ta harbe ta ta shanye mata jiki, ta zuba ƙwai a kanta ko kusa da ita. 'Ya'yan su fito su manne su tsotse ta, sannan kowane ya saƙa ɗan farin gida a gefen gawar ya shige. Daga ƙwai zuwa sabon mai fiffike kwana 8 ne zuwa 12 a zafinmu. Kuma macen tana harbin tsutsotsi fiye da waɗanda take yi wa ƙwai, duk wadda ta harba kuwa ta daina ci ke nan. Ba ya harbin mutum, ba ya taɓa dabba, ba ya cin hatsi. Ba daga waje aka kawo shi ba, ɗan ƙasa ne. Matsalarsa ɗaya: rani yana karkashe shi, sai ya zamana kafin ya yi yawa a gona murzuna ta riga ta ci ta ƙoshi. Aikinmu duka shi ne mu sa ya iso da wuri kuma da yawa.

An fara gwada sakinsa a Sanagal a shekarun 1980. Daga baya ma'aikatar kare tsirrai ta Nijar da cibiyar binciken aikin gona ta INRAN a Maraɗi suka ɗauka, sannan aka yi wani shiri mai suna GIMEM da ya haɗa Nijar da Mali da Burkina Faso da tallafin gidauniyar McKnight. Farfesa Ibrahim Baoua na Maraɗi da Dakta Malick Ba, wanda ya yi aiki da ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, suna cikin waɗanda suka daidaita awon jakar da zan faɗa a ƙasa. Ina ambatarsu ne don mai karatu ya san awon ba daga kaina na ƙirƙiro shi ba.

Kiwon abincinsa

Murzuna ba ta kiwuwa cikin sauƙi a ɗaki, don haka ana ciyar da ɗan zanzaron da wata tsutsa da yake so, wadda kowace mace mai ajiyar gari ta sani: farar tsutsar nan da ke saƙa a cikin gari ko shinkafa har su dunƙule. Sunanta Corcyra cephalonica. Ita za ka fara kiwo, kuma tun kafin ruwa ya sauka, don daga ƙwai zuwa tsutsa babba sai an yi mako uku zuwa huɗu, zagayen rayuwarta kuma ya haura wata.

Ka samu hatsi mai tsabta wanda ba a taɓa zuba wa magani ba. Wannan sharaɗi ne, ka tambayi mai sayarwa ka sake tambaya, in da hali ka ɗebo daga rumbun da ka sani. Ka shanya shi a rana mai zafi a kan leda ko kwano har ya ɗauki zafi sosai, don duk wani ƙwaro da ke ciki ya mutu, musamman jan ƙwaron nan na gari, wanda in ya shiga bokiti zai cinye ƙwan ya bar ka da gari zalla. Ka niƙa kashi ɗaya, ka bar sauran tsaba, ka gauraya. Ni ina ƙara garin wake, don tsutsar ta fi yin ƙiba da shi, tsutsa mai ƙiba kuwa ta fi ɗaukar 'ya'yan zanzaro. Ka zuba cikin bokiti kada ya wuce rabi, ka saka iyayen tsutsar ko ƙwansu, ka rufe baki da farin yadi mai shara-shara ka ɗaure da roba tam. Ka rubuta ranar a jikin bokitin.

Kada ka haɗa bokitai duka rana ɗaya. Ka riƙa buɗe sabo duk mako, ta yadda kullum akwai wanda tsutsarsa ta isa.

Tururuwa da kiyashi su ne ɓarayin ɗakin. Bokitai su hau tebur, kowace ƙafa ta tebur ta zauna cikin gwangwani mai ruwa ko baƙin mai, kuma kada teburin ya jingina da bango. Ɗakin kada a kunna maganin sauro a cikinsa, kada a fesa komai, ko a ɗakin da ke maƙwabtaka da shi. Sannan bokitan tsutsa su yi nesa da kwalaben zanzaro, in so samu ne kowanne da ɗakinsa, don mace ɗaya in ta sulale cikin bokiti za ta harbe tsutsotsin tun ba ka shirya ba.

Kiwon zanzaron kansa

Irin farko ka nema wurin malaman kare tsirrai ko wata ƙungiya da ta riga ka farawa. Ka zuba su cikin kwalba mai faɗin baki, ka rufe da yadi, ka ɗora auduga da aka jiƙa da ruwan zuma mai tsarari a kan yadin. Audugar ta jiƙa kawai, kada ta ɗiga, don in ruwa ya taru a gindin kwalba za su maƙale su mutu.

Dole ka koyi bambance mace da namiji, kuma ba wuya. Ka ɗaga kwalbar wajen haske. Macen tana da ɗan siririn tsinke baƙi a ƙarshen cikinta, da shi take harbi take ƙwai, cikinta kuma ya fi cika. Namijin ba shi da tsinken, gashin kansa biyu sun fi tsawo. Abin da ya sa wannan ya zama wajibi: macen da namiji bai hau ba za ta yi ƙwai, ƙwan zai ƙyanƙyashe, amma duk maza za ta haifa, namiji kuwa ba ya kashe tsutsa ko ɗaya. Don haka sababbin fitowa a bar su tare, maza da mata, aƙalla kwana ɗaya zuwa biyu kafin a ɗauki mace a sa ta aiki.

Ba a kama su da yatsa. Ka samu ƙaramar kwalba, ka huda murfinta biyu, ka zura siraran tiyo biyu. Wanda za ka sa a baki ka ɗaure masa ɗan ƙyalle a ƙarshensa na ciki. Ka kai bakin ɗayan kusa da ƙwaron ka ja iska a hankali, sai ya faɗa kwalba lafiya lau. Suna son haske, in ka juya gindin kwalbar kiwo wajen taga duk za su taru can su bar maka bakin.

Don su yawaita, ka tsinto manyan tsutsotsi daga bokiti da rariya, ka sa kamar goma cikin 'yar roba mai murfi tare da mata biyu, ka bar su kwana biyu. In ka buɗe za ka ga tsutsotsin sun kwanta lakwas, ba su mutu ba amma ba sa motsi, in ka ƙura ido za ka ga ƙwai farare sirara a jikinsu. Ka mayar da matan kwalba ko ka ba su sababbin tsutsotsi, ka ajiye robar a inuwa. Bayan mako guda da 'yan kwanaki sababbi za su fito.

Jakar

Awon da aka gwada a Burkina Faso da Nijar a 2011 da 2012 aka ga ya fi shi ne: 'yar jakar ashasha mai faɗin santimita 7 da tsawon 10, a zuba tsabar hatsi giram 50, garin hatsi giram 30, tsutsa 25, da mata biyu da namiji ya riga ya hau. Daga rana ta takwas 'ya'ya ke fara fitowa ta ramukan saƙar ashashar, kuma kowace jaka ta ba da tsakanin 57 da 71.

Ashasha ce ba leda ba, ba buhun siminti ba, ba atamfa ba. Dalili shi ne saƙarta tana riƙe hatsi da tsutsa, amma ɗan zanzaro yana iya ratsawa, kuma iska na shiga. Ka tabbata buhun da ka yanka bai taɓa ɗaukar kayan da aka zuba wa magani ba. Tela ya ɗinke gefe uku da kyau. Ka zuba hatsi da gari, ka sa tsutsotsin, ka zaɓi manya waɗanda suka kusa daina ci, sannan matan su shiga a ƙarshe, ka ɗaure baki da zare nan take ka bar wutsiyar ratayewa. Ni nakan jera jakunkunan cikin bokiti mai rufin yadi su kwana biyu kafin su bar ɗaki, don in wata mace ta sulale in gan ta in mayar. Ka rubuta ranar haɗawa a 'yar takarda ka maƙala. Wannan ranar ita ce agogonka: jaka ta isa inda za a rataye ta kafin kwana takwas su cika, in ba haka ba 'ya'yan za su fito a hanya ko a ɗakinka.

A hanya zafi ne abin tsoro. Kada a sa su cikin leda a ɗaure, kada a ajiye su kan tankin babur, kada a danne su da kaya. Kwando ko kwali mai huji, a lulluɓe da ƙyalle, a yi sammako.

Ranar ratayewa

Nan ne mutane suka fi yin ihu bayan hari. Manomi ba ya zuwa neman jaka sai ya ga zane a zangarniya, alhali a lokacin tsutsa ta yi girma, ta ci rabin abin da za ta ci, jakar kuma tana buƙatar kwana takwas kafin ta fara ba da komai, sannan waɗanda suka fito su ma sai sun hayayyafa a gona kafin su game ƙauye. Lissafin a bayyane yake. Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da hatsin da aka fara shukawa ya soma fidda kai, kafin bununi ya gama zuba. Kada ka duba gonarka kaɗai, ka duba gonar da ta riga kowa a ƙauyen, don can uwar murzuna za ta fara sauka. Ka riƙa zagayawa da sassafe, ka tanƙwaro kai ka buɗa furen wajen tsini da farce. In ka ga 'yan ƙwai ko ƙananan tsutsotsi, ko wani ɗan gari-gari fari a tsakanin furen, to jaka ta kamata a ce tana rataye. Da dare kuma ka lura da abin da ke taruwa a fitila.

Wannan yana nufin tun ranar da aka yi shuka ka fara ƙirge. In ka san irin da mutanenku ke shukawa da kwanakin da yake yi kafin ya fidda kai, ka ja baya da mako guda don haɗa jaka, ka ƙara ja da mako huɗu don bokitin da zai ba ka tsutsa.

Ƙauye ɗaya jaka 15 ake ba shi. A raba su wuri biyar, uku-uku: tsakiya, gabas, yamma, kudu da arewa. Wurin da ya fi shi ne cikin rumbun kara ko na zana, a rataye a ƙarƙashin jinka, inda ruwa ba ya taɓawa, rana ba ta bugu, kuma ƙwarin za su fita ta tsakanin ciyawa. A wannan lokaci yawancin rumbuna sun kusa zama wayam, shi ya sa ba a rasa wuri. Rumbun da aka barbaɗa wa garin magani ko aka sa wa ƙwayar hayaƙi a tsallake shi. Inda ba rumbun da ya dace, a rataye a reshen itace mai inuwa, a kifa ƙwarya ko yankakken jarka a sama don ruwa, a shafa ɗan baƙin mai a igiyar can sama saboda tururuwa.

Wani dattijo ya taɓa tare ni a bakin rumbunsa ya ce, “Malam, tsutsa fa ka ce akwai a ciki. Ni da nake neman tsari da ita, kai kuma ka kawo mini har ɗaka?” Na ce, “Baba, kwance ɗaya ka gani.” Ya kwance, ya zazzage a tafin hannunsa, ya taɓa su da tsinke ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta motsa. Tambayarsa tana kan hanya, kuma amsarta ke nan: waɗanda aka harba ba za su tashi ba. Amma akan samu ɗaya ko biyu da suka tsira, don haka bayan mako uku a sauke jakar, a zazzage wa kaji abin da ke ciki ko a ƙone.

Magana da gari

Ɗan zanzaro bai san iyakar gona ba. Yana fara kai wa gonakin da ke cikin kamar kilomita 3 daga inda aka sake shi, in ya hayayyafa cikin makonni ya ƙara gaba. Wanda ya biya da wanda bai biya ba duk za su amfana, kuma wannan ne ke kashe shirin a wurare da yawa, kowa yana jiran maƙwabcinsa ya saya. Ni ban yarda a sayar wa mutum ɗaya jaka ɗaya a ce ya je ya tsare gonarsa ba, yaudara ce. A je wurin mai gari, a yi maganar a masallaci bayan sallar Juma'a, a sa ƙungiyar mata a ciki don su ma suna da gamana, a tara kuɗin jaka goma sha biyar tun da rani, ko a karɓi tiya-tiya na hatsi a kaka a ajiye don baɗi. In ƙauyukan da ke kewaye suka saki a mako ɗaya, abin ya fi kyau nesa ba kusa ba.

A wannan zaman ne kuma za a yi alkawarin feshi. Maganin da bai iya kai wa murzuna a ɓoyenta ba yana kashe ɗan zanzaro nan take, don shi a fili yake yawo. Masu wake a tsakanin hatsi su ne abin lura. A roƙe su su dakata a makonnin da aka saki ƙwarin, in kuma ya zama dole, to a yi da yamma liƙis, a kan waken kaɗai, kada a ɗaga bututu sama.

   

Duba ko ya yi aiki

Bayan mako biyu zuwa huɗu ka shiga gonaki, na kusa da na nesa, ka tanƙwaro zangarniyar da ke da zane ka bi ramin da tsinke. Murzuna mai rai za ta motsa ta nemi shigewa. Wadda aka harba za ka same ta lakwas, ko ta yi baƙi ta yamushe, a gefenta ga 'yan fararen gidajen saƙa a jere, wasu a rufe wasu an huda an fita. Zanen da ya faro ya tsaya bai kai ko'ina ba shi ma alama ce mai kyau. Ka ƙirga: cikin ramuka nawa ka duba, nawa ke da gawa ko gidan saƙa. Ka rubuta, ka je ƙauyen da ba a saki ba ka yi irin wannan ƙirgen, sannan ka kira mutane su gani da idonsu. A gwaje-gwajen da aka yi da wannan jaka an kai ga kashe sama da kashi 90 cikin 100 na tsutsotsin, wani awon kuma a Nijar ya nuna ƙarin amfanin gona na kashi 34 cikin 100. Ba kowace shekara ko kowane ƙauye ne zai ga haka ba, ya danganta da ranar da aka rataye da kuma ko an riƙe alkawarin feshi. Kuma jakar murzuna kaɗai take wa: ba ta hana fara, ba ta korar tsuntsu, ba ta taɓa tsutsar da ke cikin kara.

Zangarniyar da ka samu da gidajen saƙa a rufe kada ka yar. Ka yanko 'yan kaɗan ka sa cikin kwalba mai rufin yadi, waɗanda suka fito ka gauraya su da na ɗakinka. Irin da ya daɗe yana auren junansa a kwalba yakan lalace, mata su ragu maza su yi yawa, sabon jini daga gona shi ke gyara shi. Da wannan irin za ka ratsa rani, don na daji kaɗan ne ke kai wa wata damina, dole baɗi a sake saki. A watannin zafi ka rage yawan kiwon, ka bar bokiti biyu ko uku da 'yan kwalabe, ka sauke su wuri mafi sanyi a ɗakin, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a ƙasa da rana, ka sabunta audugar zuma duk kwana biyu. Da hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas sai ka ƙara yawan bokitai.